Ya Nufi Madina, Allah Ya Tsayar Da Shi A Kano: Waiwaye Kan Tafiyar Malam Abdullahin Gwandu

  

A duk lokacin da aka ɗauko zancen ɓata da shiriya, hankalinmu yakan tafi ne ga mashayin da ya tuba, ko wanda ya daɗe ba ya sallah sannan Allah Ya karkato da zuciyarsa zuwa masallaci. Wannan gaskiya ne, amma akwai wani nau'in ɓatan hanya da ba a cika magana a kansa ba, wato na mutumin kirki wanda imaninsa yana nan daram, sai dai al'amura sun rikice masa har ya rasa inda zai fuskanta. Ya ba da ƙarfinsa ga wani aiki saboda Allah, sai ya wayi gari ya ga abokan tafiyarsa sun sauya. Ya tsaya ne, ko ya tafi? Irin wannan hali ya taɓa samun ɗaya daga cikin manyan malaman da ƙasar nan ta taɓa yi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, kuma shi da kansa ya ba da labarin a littafinsa Tazyinul Waraƙat, wanda ya tattara a 1813.

An haifi Malam Abdullahi a wajajen 1766, ke nan wansa Shehu Usmanu ya girme shi da kimanin shekara 12. A hannun Shehu ya yi mafi yawan karatunsa na farko, kuma tare suka yi yawon wa'azi a ƙasashen Kabi da Zamfara da Gobir. Da aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, shi ne farkon wanda ya yi wa Shehu mubaya'a, kuma shi ya jagoranci rundunar jama'a a yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, inda aka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa. Ina kawo wannan ne don mai karatu ya san cewa wanda muke magana a kansa ba ɗan kallo ba ne. Shi ne Waziri, shi ne na hannun daman Shehu.

To amma nasara ba ta zo ita kaɗai ba. A ƙarshen 1804 aka yi karon Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, inda jama'a suka yi babbar asara. An ruwaito cewa kimanin mutum 2,000 suka kwanta dama, a cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Duba fa, ya ɗan uwa, waɗanda suka mutu su ne almajiran Degel, waɗanda suka sha tarbiyya shekara da shekaru, suka san dalilin fitowarsu. Waɗanda suka cike gurbinsu kuwa da yawansu ba su zauna gaban malami ba, wasu ma ganima ce ta kawo su.

A watan Afrilun 1805 Malam Abdullahi ya jagoranci yaƙin da aka ci Birnin Kabi, wato wannan gari da nake rubutu daga unguwarsa ta Nasarawa. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice, kuma daga baya zuriyar sarautar Kabi ta kafu a Argungu, aka yi ta gwabzawa tsakaninta da Gwandu da Sakkwato kusan tsawon ƙarnin, har zuwa ziyarar sulhu da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934. Wannan dogon labari ne mai zaman kansa, kuma kowane ɓangare yana da abin da kakanninsa suka gaya masa. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, cin Birnin Kabi ya buɗe wa Shehu hanyar komawa Gwandu da zama a cikin wannan shekara, kuma kafin shekarar ta ƙare sai ga taron dangi na Gobirawa da Kabawa da Azbinawa sun nufo jama'a. Aka haɗu a Alwasa, a ƙasar Argungu ta yanzu.

Abin da ya faru a kan hanyar Alwasa ya fi karon kansa ciwo. Mayaƙan jama'a sun auka wa wani gari da ke da amana da su, suka washe shi, shugabanninsu suna hani amma ba a saurare su ba. Da aka je fagen fama sai aka karya su, aka rasa mutane masu yawa, abokan gaba suka biyo su har Gwandu kafin Allah Ya kawo ɗauki. Malam Abdullahi bai ɗauki wannan a matsayin kuskuren dabarar yaƙi ba. A ganinsa saɓon Allah ne ya jawo shi.

Daga nan zuciyarsa ta fara nauyi. A cikin waƙoƙinsa na wannan lokaci ya yi kukan abokansa na ƙwarai da suka riga shi, ya koka da waɗanda aka bar shi a cikinsu: masu son mulki da muƙami, masu tara ƙwaraƙwarai da tufafin alfarma da dawakin ƙawa, masu sakaci da masallatai da makarantu. Abin lura shi ne, ba Gobirawa yake nufi ba. Mutanensa yake nufi, waɗanda ake sallah sahu ɗaya da su, kuma bai cire kansa daga zargin ba.

A wajajen 1807, an fita wani yaƙi zuwa Alƙalawa, sai ya yanke shawarar da ta girgiza kowa. Ya bar rundunar, ya fuskanci gabas da niyyar zuwa ga kabarin Manzon Allah (SAW), ya bar ƙasa da dangi da muƙami. Mutum biyar ne kawai tare da shi. Ya ba da labarin cewa sun kwana uku a cikin daji ba su ga ɗan Adam ba, babu sawun kowa sai na giwaye, kafin su fito inda mutane suke. Nakan tsaya in yi tunanin waɗannan kwanaki uku. Ga wanda ya ci Birnin Kabi shekara biyu da suka wuce, ga shi yanzu yana bin sawun giwa, ba tuta, ba tambari, yana gudun abin da ya gina da hannunsa.

Shin kuskure ya yi? Ni dai ba zan iya cewa haka kai tsaye ba, domin niyyarsa tsarkakakkiya ce, kuma inda ya nufa babu musulmin da ba ya begensa. Sai dai kyawun niyya daban, dacewa da abin da Allah Yake so da bawa a wannan lokaci daban. Malamai sun kasa shiriya gida biyu. Akwai shiriyar bayani, wato a nuna wa mutum gaskiya ya gane ta, akwai kuma shiriyar dacewa, wato Allah Ya ɗora ƙafar bawa a kan abin da ya fi masa alheri. Ta farko Malam Abdullahi yana da ita fiye da kowa a zamaninsa in ban da wansa. Ta biyun kuwa babu malamin da ya wadatu daga roƙonta, shi ya sa malami da jahili duk suke neman shiriya a cikin Fatiha aƙalla sau 17 a kowace rana. Kuma Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yunusa (AS), wanda ya bar mutanensa cikin fushi da halinsu, aka bi da shi ta hanyar da bai zata ba, sannan aka mayar da shi gare su suka yi imani. Ba ina daidaita malami da Annabi ba ne, Allah Ya kiyaye. Ina nuni ne da cewa gajiya da mutane tsohuwar jarrabawa ce ga masu kira zuwa ga Allah.

Hanyar gabas ta bi da shi ta Kano. A lokacin nan jama'ar Shehu ba su daɗe da karɓar birnin daga hannun Sarki Alwali ba, Malam Sulaimanu ne Amir. Suna da mulki a hannu amma ba su san yadda za su tafiyar da shi bisa shari'a ba, kuma Malam Abdullahi ya tarar da irin cutar da ya baro a yamma ta riga shi isowa. Ya gaya musu cewa abin da yake gani a wurinsu shi ne abin da ya gudo dominsa. Su kuwa suka hana shi wucewa, suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda ake tsayar da addini.

A nan ne, a ganina, shiriyar ta zo masa, kuma ba ta zo da mafarki ko wata karama ba. Ta zo ne a bakin mutanen da suke cewa ba mu sani ba, koya mana. Ya zauna ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, littafin da ya yi bayanin hukuncin hijira, da naɗa shugaba da mataimakansa, da abin da yake kansu na haƙƙin talakawa, da hukunce-hukuncen jihadi da siyasar shari'a. Ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani. Ya ambata cewa sun tuba sun gyara, har suka farfasa kayan kiɗa, suka mayar da itacen gangunansu abin zuba wa dawaki abinci. Wanda ya fito yana ganin mutane sun lalace ba gyara, sai ga shi ya ga gyara da idonsa, a hannunsa kuma. Ashe da yawa daga cikin abin da ya ɗauka taurin kai ne, rashin mai koyarwa ne. Bai ƙarasa Madina ba. Ya juya ya koma Gwandu.

Ku dubi abin da ya biyo bayan wannan komawa. Alƙalawa ta faɗi a 1808. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, ya ba Muhammadu Bello gabas, ya ba Malam Abdullahi yamma, abin da ya zama tushen masarautar Gwandu, wadda fadarta da ke Birnin Kabi take ɗauke da sunansa. Amma abin da ya fi wannan girma shi ne alƙalaminsa. Bayan komawar ne ya rubuta babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awil, wanda ya kammala a wajajen 1816, aka buga shi a Alƙahira a 1961, da sauran littattafai a fiƙihu da nahawu da sarfu da tsarin mulki. Liya'ul Hukkam kuwa ya zama abin komawa ga sarakuna da alƙalai a faɗin daular. Da ya wuce Kano, wataƙila da ya samu abin da ransa yake so na maƙwabtaka da Manzo (SAW), amma da mu mun rasa duk wannan.

Kada kuma a zaci daga Kano komai ya daidaita. Bai daina sukar abin da yake gani ba, kuma wata jarrabawar tana gaba. Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilun 1817. Malam Abdullahi ya taso, sai ya tarar an riga an yi wa ɗan wansa Bello mubaya'a, masu tarihi ma sun ruwaito cewa an rufe masa ƙofar gari. Shi ne babba, shi ne mafi ilimi, shi ne farkon mai mubaya'a a Gudu. Ya koma Gwandu, aka shiga shekaru na sanyin dangantaka tsakanin baffa da ɗansa. Bai ɗaga takobi ba, bai tara runduna ba, kuma wannan kaɗai abin a jinjina masa ne idan muka tuna yadda rikicin gado ya rusa dauloli da yawa a tarihin musulmi. Amma bai kai mubaya'arsa ba.

Wannan karon ma ta ƙofar buƙata mafita ta zo, sai dai an juya al'amarin. A Kano mutane ne suka buƙace shi, yanzu shi ne mai buƙata. Ragowar magoya bayan Abdussalami, wanda ya yi tawaye a Kware aka kashe shi a 1818, sun taru a Kalambaina ta kusa da Gwandu (ba wadda ke gefen Sakkwato mai kamfanin siminti ba), suka fi ƙarfin Malam Abdullahi. A wajajen 1821 Bello ya taso da rundunarsa ya kawo wa baffansa gudummawa, aka ci garin. An ruwaito cewa da suka haɗu bayan yaƙin, Bello ya yi haramar sauka daga doki don girmama baffansa, sai Malam Abdullahi ya yi masa nuni da ya zauna, shi ya gaishe shi da gaisuwar Amirul Muminina. Dattijo mai shekara hamsin da 'yan kai, malamin malamai, ya miƙa wuya ga yaron da ya girma a gabansa. Wanda ya san zuciyar ɗan Adam ya san wannan ya fi kwana uku a dajin giwaye wuya.

Na san a cikin masu karanta wannan akwai wanda ya shiga wata ƙungiyar ɗalibai musulmi ko kwamitin masallaci da zuciya ɗaya, ya ga ana rigima a kan kujera da kuɗin asusu, ya ce shi ya wanke hannunsa. Akwai wanda yake ganin ƙasar ma gaba ɗaya ba ta gyaruwa, burinsa kawai ya samu biza. Ba zan ce kowa ya zauna inda yake ba, domin hijira ma tana da hukuncinta, kuma Malam Abdullahi da kansa ya yi ta a 1804. Abin da nake roƙo shi ne, idan ka kama hanyarka ta gabas, ka riƙa sauraren wanda zai tare ka a Kano. Mai yiwuwa yaran unguwarku ne da ba su iya alwala ba.

Bayan Kalambaina Malam Abdullahi ya rage shiga harkar mulki, ya bar yawancinta a hannun 'ya'yansa da na 'yan uwansa, ya duƙufa ga karantarwa da rubutu a kan gudun duniya da gyaran zuciya. Ya rasu a wajajen 1829, aka binne shi a Gwandu, bai taɓa ganin Madina ba. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya sada shi da wanda ya yi niyyar ziyarta.