Mai Rawa ta Mohenjo-daro: Tagullar da Indiya da Pakistan Ke Ja-in-ja a Kanta

Jama'a, yau zan kawo muku bayanin wani ɗan mutum-mutumi na tagulla da masana tarihi ke kira "Yarinya Mai Rawa". Tsawonsa santimita 10.5 ne kacal, wato bai kai tafin hannu ba, amma ya kai kimanin shekara 4,000.

An tono shi a shekarar 1926 a kufan Mohenjo-daro, tsohon birnin da ke kusa da kogin Indus a lardin Sindh. Siffar budurwa ce a tsaye, ta dafa ƙugu da hannun dama, ta ɗan lanƙwasa ƙafa ɗaya. Hannunta na hagu cike yake da awarwaro sama da 20, na dama kuwa guda 4 ne, ga sarƙa a wuya, gashi a naɗe ya kwanto kafaɗa. Turawan Ingila masu tonon ne suka laƙaba mata sunan mai rawa saboda irin tsayuwarta.

Yadda aka ƙera ta shi ne abin da ya fi burge ni. Maƙeri zai fara sassaƙa siffar da kakin zuma, ya lulluɓe ta da yumɓu, ya gasa. Kakin ya narke ya tsiyaye, sai a zuba narkakkiyar tagulla, wato jan ƙarfe da kuza, a gurbinsa. In ta huce sai a fasa yumɓun. Shi ya sa kowane zubi ɗaya ne tak, ba shi da tagwai. Da wannan hanyar aka yi kawunan Ile-Ife da kayan Igbo-Ukwu, kuma 'yan'uwanmu mazauna Benin za su iya ganinta da idonsu a titin Igun har yau.

To, ina rigimar take? Da aka raba ƙasar a 1947, Mohenjo-daro ya faɗa cikin Pakistan, mutum-mutumin kuma ya zauna a Indiya. Yana gidan tarihi na ƙasa a New Delhi, 'yan Pakistan kuwa sun sha neman a mayar musu.

Jan hankalina ga masu sana'ar gwangwan da masu sayar da kayan gargajiya a nan Kudu: in tsohuwar tagulla mai siffa ta faɗo hannunku, kar ku ɗora ta a sikeli, kar ku miƙa wa dillali. Dokar Najeriya ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ba. Ku kai wa hukumar ta duba tukuna.