Sanin Asali da Wariya a Tsakanin Ɗaliban Latino na Amurka

Latino suna ne da ake kiran mazauna Amurka waɗanda nasabarsu ke komawa Meziko, Kyuba da sauran ƙasashen Latin Amurka, kuma mas'alar wariyar da 'ya'yansu ke gamuwa da ita a makarantu ta daɗe tana damun malaman ilmin halayyar ɗan Adam. Tun da Jean Phinney ta fitar da ma'auninta na sanin asali a 1992, bahasin malamai, musamman Adriana Umaña-Taylor, ya nuna cewa ɗalibin da ya binciki asalinsa har zuciyarsa ta natsu da shi yakan fi riƙe mutuncinsa idan aka wulaƙanta shi saboda launinsa ko lafazinsa, ko da yake ƙaunar asalin kan ƙara wa wasu raɗaɗi, domin iyaye da kakanni aka taɓa. Sau da yawa raɗaɗin kan zama himma: a 1968 dubban ɗalibai 'yan asalin Meziko suka fice daga azuzuwa a gabashin Los Angeles, suna neman a koyar da tarihinsu, a kuma daina hukunta su don sun yi magana da Sifaniyanci.