Yadda Aka Gano Zuciya Na Auna Jinin Da Ke Shigarta

Tun 1628 da William Harvey ya bayyana yadda jini ke kewaya jiki, likitoci suka ɗauki zuciya a matsayin famfo, ta karɓa ta tura. An daɗe kafin a tabbatar cewa ita ma tana da jijiyoyin ji, masu sanar da ƙwaƙwalwa ko jinin da ke dawo mata ya yi yawa ko ya yi kaɗan.

A 1915 wani masani ɗan Ingila, Francis Bainbridge, ya ɗura ruwan gishiri ko jini ta jijiyar jini ta wuyan karnukan da aka sa wa maganin barci, sai ya ga bugun zuciyarsu ya ƙaru. Da ya yanke jijiyar saƙo da ake kira bagus, wadda ta haɗa ƙwaƙwalwa da kayan ƙirji da na ciki, ƙarin ya daina zuwa. Ke nan akwai labarin da ke tashi daga zuciya. Sai dai gardama ta ɓarke, don wasu sun maimaita gwajin sun ga bugun na raguwa. Sai a 1955 wasu masana biyu, Coleridge da Linden, suka nuna inda gizo ke saƙa: in zuciyar na bugu a hankali tun farko, ƙarin ruwa kan sa ta sauri, in da ma sauri take, yakan rage mata.

Wanda ya saurari jijiyoyin da kansu shi ne Autar Singh Paintal, ɗan Indiya, lokacin yana matashi a Edinbura. A ganina aikinsa ne ƙashin bayan labarin nan, kuma aiki ne na haƙuri. Yakan buɗe wuyan kyanwa mai barci, ya zaro jijiyar bagus, ya yi ta tsefe ta a ƙarƙashin madubin ƙara girma har ya kai ga zare guda, ya ɗora shi kan waya ya ɗauki 'yar wutar da ke gudu cikinsa. A 1953 ya bayyana iri biyu na masu ji a ɗakunan sama na zuciya. Na farko, da ya kira A, suna aika saƙo ne lokacin da ɗakin ya matse. Na biyu, B, suna aikawa yayin da ɗakin ke cika, kuma gwargwadon yadda bangonsa ya miƙe, gwargwadon yawan saƙon. Waɗannan na B su ne ma'aunin jini, kuma galibinsu suna zaune ne a bakin da manyan jijiyoyin jini ke zuba wa zuciya.

To me jiki ke yi da saƙon? Amsar ta fito daga inda ba a zata ba, wato ɗakin binciken sojan sama na Amurka a jihar Ohayo. A can Otto Gauer, Bajamushe, da James Henry suka sa ƙaramin balan-balan cikin ɗakin sama na hagu na zuciyar kare suka hura. Rahotonsu na 1956 ya ce fitsarin karen ya ƙaru sosai. Zuciya ta ji kamar jini ya yi yawa, ƙwaƙwalwa ta rage sinadarin da ke sa ƙoda riƙe ruwa, ƙoda ta saki. Wannan na daga cikin abin da ke sa wanda ya daɗe cikin ruwa har wuya ya ji fitsari, don ruwan ya matso jinin ƙafafunsa zuwa ƙirji. In kuma jini ya zuba, kamar a haɗari ko wajen haihuwa, saƙon kan ragu, jijiyoyin jini su tsuke, ƙoda ta ƙanƙame ruwan da ya rage.

A jikin ɗan Adam tasirin da Bainbridge ya gani bai kai na kare ƙarfi ba, kuma jijiyoyi ba su kaɗai ke aikin ba. A 1981 Adolfo de Bold, ɗan Ajantina da ke aiki a Kanada, ya yi wa ɓeraye allurar ruwan da ya tace daga naman ɗakunan saman zuciya, nan take suka zubar da gishiri da ruwa masu yawa ta fitsari. Da haka aka san cewa bangon da ya miƙe yana kuma sakin sinadarinsa, ANP, cikin jini, ya isa ƙoda ba tare da ya bi ta ƙwaƙwalwa ba.