Mata dubu, dawaki dubu: abin da ya faru da abin da bai faru ba

Makon jiya ƙanwata ta turo min saƙo da tsakar dare, wai ashe gwamnatin Amurka ta taɓa ba wa ƙabilar Cheyenne mata turawa dubu a musayar dawaki dubu? Har ta fara yaɗa labarin a WhatsApp ɗin 'yan ajinsu. Na ce a ina kika ji? Ta ce ai a littafin da na ba ta aro ne. Na yi dariya, amma ban ga laifinta ba, don ni ma sai da na faɗa wannan ramin.

Littafin shi ne One Thousand White Women na Jim Fergus, ya fito a 1998. An tsara shi kamar kundin da wata May Dodd take rubuta abin da ya same ta kullum a 1875. 'Yar masu kuɗi ce a Chicago, iyayenta suka kai ta gidan mahaukata saboda ta zauna da talaka ba aure har ta haihu biyu. Don ta samu fita sai ta shiga ayarin matan da za a kai yamma a aurar wa Cheyenne. Ayarin kuwa ba a magana: ga tagwaye 'yan asalin Ayalan da ba su san kunya ba, ga Baturiyar Ingila mai zanen tsuntsaye da lofenta a baki, ga wata 'yar kudu mai ji da kai rungume da ɗan karenta. Wallahi akwai wuraren da sai ka ajiye littafin ka dara.

Mu huɗu muka karanta kwafin nan. Abokina ya ce bai taɓa jin daɗin littafin tarihi haka ba. Matata ta ajiye shi kafin ƙarshe, ta ce ba za ta iya dariya a kan mutanen da ta san halaka su za a yi ba. Ƙanwata kuma ta ɗauka duk gaske ne.

To, ba a taɓa yin May Dodd ba, kuma ba a taɓa tura matan ba. Marubucin da kansa ya bayyana cewa ƙage ne, ya ce abin da ya ɗora a kai shi ne labarin wani shugaban Cheyenne da ya nemi haka a Fort Laramie a 1854 aka ƙi. Amma Little Wolf, mijin May a littafin, mutum ne na gaske, haka ma Shugaba Grant. Kisan ma gaske ne. A 1864 sojoji suka afka wa Cheyenne da Arapaho a Sand Creek, akasarin waɗanda suka mutu mata ne da yara. A Nuwamban 1876 aka ƙone ƙauyen su Little Wolf cikin tsananin sanyi. Aka kora su kudu inda Oklahoma take yau, zazzaɓi da yunwa suka yi ta cin su, har a 1878 wajen mutum 300 suka gudu suka nufi gida arewa, soja na bin su.

Su ma matan da suka yi tafiyar yamma da gaske ba su sha da daɗi ba. Hanyar Oregon ta kai kilomita 3,000 da ɗoriya, wata huɗu zuwa shida a keken shanu, kwalara na ɗauke mutane a hanya. Amelia Stewart Knight ta baro Iowa a 1853 da mijinta da 'ya'ya bakwai, tana rubuta komai, ƙura da ruwan sama da shanun da suka mutu, amma ba ta ambaci tana da ciki ba sai a ƙarshe da ta ce ta haifi na takwas.

Ni dai raha ba ta dame ni ba. Abin da ya tsaya min shi ne duk abin da muka sani game da Cheyenne a littafin daga bakin May muka ji shi, su kansu ba su cika samun bakin magana ba. Nan na fi karkata ga matata, ko da yake na ce mata ta ƙarasa, don marubucin bai ɓoye ta'asar soja a ƙarshe ba.

Ƙanwata ta goge saƙon nata, amma ta ce littafin ba zai dawo ba sai ƙawarta ta gama.