Yabukita: Tarihin Itacen Shayin da Ya Mamaye Japan

Yabukita nau'in itacen shayi ne da ya mamaye kusan kashi 70 cikin ɗari na gonakin shayin Japan. Wani manomi ɗan Shizuoka, Sugiyama Hikosaburo (1857-1941), shi ya zaƙulo shi a shekarar 1908.

Shayi ya daɗe a ƙasar kafin nan. Malamin addinin Buddha, Eisai, ya dawo daga Sin da iri a 1191, sannan a 1738 Nagatani Soen na yankin Uji ya gyara hanyar turara ganye da murza shi, wadda ta haifar da shayin sencha. Amma duk tsawon wannan zamani iri ake shukawa, shi ya sa a gona ɗaya za ka tarar wani itace ya toho, na kusa da shi ko alama babu, ɗanɗanonsu ma kowa da nasa.

Wannan ne ya hana Sugiyama sakat. Ya yi ta bin gonaki yana tsinkar ganye yana taunawa, yana ware itatuwan da suka fi, har ya dace da ɗaya a gefen wani kurmin gora, wanda shi ne Yabukita. Abin takaici, ya rasu bai ci moriyar wahalarsa ba, domin sai a 1953 gwamnati ta yi wa Yabukita rajista. Daga nan aka rungumi dashen reshe, ta yadda kowane itace ke fitowa sak uwarsa. Yabukita yana jure sanyi, yana ba da yabanya, ga ƙamshi. Manoma suka yi masa caa.

Sai dai nasarar ta zo da nata nauyi. Gonaki kan nuna lokaci guda, aiki ya cakuɗe wa masu tsinka da masana'antu, ga shi kuma Yabukita ba ya jure wasu cututtukan ganye. Don haka aka fito da wasu nau'o'i: Okumidori mai jinkirin toho a 1974, da Saemidori mai saurin toho a 1990, wanda aka samu daga barbarar Yabukita da wani nau'i, Asatsuyu.

Wajen haɗa shayin don sha kuwa, ba a dafa ganyen a kan wuta. Akan bar tafasasshen ruwa ya huce zuwa digiri 70 ko 80, a zuba kan ganye a ƙaramar butar kyusu, a jira kamar minti ɗaya, a tsiyaye tas har ɗigon ƙarshe, don kada ragowar ruwa ya sa zubi na biyu ya yi ɗaci.