Daga Disfensan En'e Zuwa Mai Digiri: Tarihin Aikin Harhaɗa Magunguna a Asibitin Gwamnati

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu mazauna Kano, Kaduna, Abuja da Legas suna da ɗa ko 'ya da ke karatun harhaɗa magunguna a jami'a, wasu ma sun kammala har sun yi bautar ƙasa. Tambayar da takan biyo baya a irin waɗannan gidaje ita ce: shin yaron nan ya nemi aikin asibitin gwamnati ne, ko kuwa a haɗa masa jari ya buɗe kantin magani, ko ya bi kamfani? Wannan tambaya ta girmi yawancin masu karanta wannan mujalla, kuma amsarta ta sauya fiye da sau ɗaya cikin shekaru casa'in da suka wuce. Wanda ya bi tarihin a tsanake zai lura cewa yawan albashi bai taɓa zama shi kaɗai ke ɗaga darajar aikin ko ya kayar da ita ba. Abin da ke jere a kan kantar sito, ko rashinsa, ya fi albashi tasiri.

A zamanin Turawa babu wani zaɓi da za a yi gardama a kansa. An buɗe makarantar koyon harhaɗa magunguna a Zariya a shekarar 1930, 'yan shekaru bayan takwararta ta Yaba da ke Legas, domin a samar wa asibitocin gwamnati da ɗakunan shan magani na En'e ma'aikata. Marigayi Malam Sa'adu Zungur ma ya taɓa koyarwa a wannan makaranta. Wanda ya fito daga cikinta disfensa ake ce masa, kuma ƙofa ɗaya ce a gabansa, wato aikin hukuma. A wancan lokaci kalmar harhaɗawa tana nan da ma'anarta ta zahiri: mutum ne da sikeli da ma'auni da manyan kwalabe, yana auna gari, yana dama ruwan magani, majiyyaci ya zo da kwalbarsa daga gida a zuba masa. Kwinin na zazzaɓi, aidin na miki, sannan ƙwayar M&B da ta ceci rayuka masu yawa a lokutan annobar sanƙarau, duk ta hannunsa suke bi.

A gundumar da likita ba ya leƙowa sai a rangadi, disfensa shi ne asibitin baki ɗaya. Ana ba shi gida, albashinsa ba ya saɓa wata, yana da mazauni a fadar hakimi, kuma idan ya tsufa fansho na jiransa. Sai dai tun a lokacin akwai wata ƙaya da ba ta fita ba har yau: komai ƙwarewarsa, a takarda mataimakin likita ne, kuma akwai matakin da ba zai wuce ba.

Bayan samun 'yancin kai karatun ya koma jami'a. Jami'ar Ife ce ta fara ba da digiri a wannan fanni, daga bisani Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, ta ɗauki nauyin na Arewa. Ƙirƙiro jihohi a 1967 da kuɗin man fetur na shekarun 1970 suka sa aka yi ta gina manyan asibitoci, masu digirin kuwa ba su taka kara sun karya ba. Dattawan da suka shiga aiki a wannan zamani sukan ba da labarin yadda ma'aikatar lafiya ke neman su tun ba su bar makaranta ba, ga gidan gwamnati, ga rancen mota, sannan ga ƙarin albashin Udoji na 1974. Abin da ya fi waɗannan duka shi ne sito cike yake, magani kuma a asibitocin Arewa da dama kyauta ake bayarwa ko da kuɗi ƙalilan. Likita ya rubuta, mai magani ya miƙa, majiyyaci ya tafi yana sa albarka. Duk wanda ke yabon aikin gwamnati ba tare da togaciya ba, idan aka bincika, za a tarar wannan zamani yake tunawa.

Daɗin bai daɗe ba. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, kuɗin ƙasashen waje ya yi wuya, alhali mafi yawan magungunan da ake sha a Nijeriya daga waje ake shigo da su. Har a cikin jawabin juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983, wanda Birgediya Sani Abacha ya karanta, an kafa hujja da cewa asibitoci sun zama wuraren ganin likita kawai, babu magani. Da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, Naira da take kafaɗa da kafaɗa da dala ta zube, cikin shekara guda sai an ba da kusan huɗu a sami dala ɗaya. A nan ne mutanenmu suka haddace haruffa biyu na boko ko da ba su shiga aji ba, wato O/S, alamar da ake rubutawa a gefen takardar likita cewa maganin ya ƙare.

Ya kamata a tsaya a dubi abin da wannan ya jawo wa mai harhaɗa magunguna shi kansa. Ba shi ke ware kuɗi ba, ba shi ke ba da kwangilar sayo kaya ba, amma shi ne ke zaune a bakin taga, fuskarsa majiyyaci ke gani. Uban da ya sayar da akuyarsa ya kawo ɗansa daga ƙauye, aka ce masa ya tsallaka titi ya saya a kemis, ba zai zargi wani babban sakatare da bai taɓa gani ba. Wanda ya ce masa babu, shi zai zarga, har ya raya a ransa cewa an karkatar da maganin ne zuwa kantin da ke ƙofar asibiti. A wasu wurare zargin yana da tushe, ba za a ɓoye ba. A wurare da yawa kuwa mutanen kirki ne suka sha baƙin jinin da ba su saya ba. Mutum ya shafe shekaru yana karatun sinadarai da yadda magani ke aiki a jiki, ya wayi gari aikinsa rubuta haruffa biyu. A wannan zango ne ƙwararru da dama suka ajiye aiki suka buɗe nasu kantuna a birane, daraja ta tashi daga taga ta koma kanti.

An yi ƙoƙarin gyara. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da Shirin Bamako, wanda ya yaɗa tsarin asusun magani mai juyawa: a ba asibiti jari, ya sayar da magani da 'yar riba, ya sake sayowa da kuɗin. Inda aka bar asusun a hannun masu magani, aka kuma hana kowa taɓa shi, ya yi aiki. Inda shugabanni suka riƙa ranta daga ciki don sayen man janareta ko biyan wata buƙata, jarin ya narke, O/S ta dawo. Hukumar PTF, wadda aka kafa a 1994 aka ɗora Janar Muhammadu Buhari a kanta, ta cika asibitoci da magunguna masu ɗauke da tambarinta, amma da aka rushe ta a 1999 sai aka koma gidan jiya a wurare da yawa.

Duk da haka akwai abin da asibitin gwamnati ke bayarwa wanda kanti ba shi da shi, kuma a ganina shi ne babbar ribar aikin, ba fansho ba. A can ne cututtuka masu wuya suke taruwa. Mai magani a asibitin koyarwa na Shika ko na Malam Aminu Kano yana auna wa jariri bakwaini magani daidai nauyinsa, yana lura da mai ciwon ƙoda da ke shan ƙwayoyi bakwai lokaci guda, yana riƙe da makullin magungunan kashe zafi masu ƙarfi da doka ta tsaurara a kansu. A Kaltungo zai san maganin dafin maciji sanin da littafi ba ya bayarwa. Shirye-shiryen tarin fuka da na cuta mai karya garkuwar jiki, waɗanda suka bunƙasa tun daga farkon shekarun 2000, sun horar da masu magani da yawa a kan lissafin kaya da bibiyar majiyyaci. Haka kuma ta wannan hanya ake isa inda ake tsara manufa. Marigayiya Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabanci NAFDAC daga 2001 zuwa 2008 ta kuma yaƙi jabun magunguna, a asibitin koyarwa na Inugu ta fara aiki.

Batun kwanciyar hankali ma gaskiya ne, ko da yake ya rage kauri. Ba a korar ma'aikacin gwamnati da rana tsaka, akwai hutun shekara, akwai na haihuwa, akwai damar ƙaro karatu da albashi, abin da ya sa 'ya'yanmu mata da yawa suka fi son wannan ɓangare. Amma fanshon da kakanni suka sani ya sauya tun dokar 2004, wadda ta mayar da shi adashi tsakanin ma'aikaci da gwamnati. Gyaran 2014 ya sa ma'aikaci na zuba kashi 8 cikin ɗari, mai aiki kashi 10. Jihohi kuwa kowace da tata rawar, kuma tazarar albashi tsakanin asibitin tarayya da na jiha tana da faɗi ƙwarai.

Tsohuwar ƙayar disfensa tana nan. Dokar soja mai lamba 10 ta 1985 ita ce ake kafa hujja da ita wajen keɓe shugabancin asibitocin koyarwa ga likitoci. A 2009 aka raba tsarin albashi gida biyu, CONMESS na likitoci, CONHESS na sauran ma'aikatan lafiya har da masu magani, kuma taƙaddama a kan wannan rabo ce ta haifar da yajin aikin gamayyar JOHESU na 2018, wanda ya tsayar da asibitocin tarayya kusan mako shida. Ga kuma ƙa'idar kundin tsarin mulki da ta hana ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwancin kansa in ban da noma. Saboda haka iyayen da ke lissafin cewa yaro zai riƙe aikin asibiti da safe, ya tsaya a kantinsa da yamma da lasisi guda, su sani doka ba ta tare da su.

Shekarar 2023 ta tuna wa dattawa da 1986. An cire tallafin mai, an saki Naira, kamfanin GSK ya sanar da daina harkarsa ta kai tsaye a Nijeriya, farashin maganin asma da na hawan jini ya yi tashin gwauron zabi. Bambancin shi ne matashin yau yana da ƙofar da disfensan Zariya bai yi mafarkinta ba: Ingila, Kanada da Saudiyya duk suna ɗaukar ma'aikatan lafiya.

Mu da muka fito daga ƙananan garuruwa, wannan tarihi ya shafe mu ta wata fuska dabam. Masu digirin da suka rage a aikin gwamnati sun fi taruwa a manyan asibitocin hedikwatar jiha, inda akwai makarantar yara, akwai wuta, akwai hanyar ƙarin girma. Wanda aka tura babban asibitin ƙaramar hukuma yakan fara neman canjin wuri tun bai sauke akwatinsa ba, domin sau da yawa babu gidan da zai shiga, firjin allurai ba ya samun lantarki, asusun magani kuma ya daɗe da zama suna kawai. Tagar sai ta koma hannun ƙananan ma'aikata da suka fito daga makarantun fasahar lafiya, waɗanda ke iya bakin ƙoƙarinsu amma ba a horar da su su ja hankalin likita idan ya rubuta ƙwayoyi biyu da ba sa jituwa ba. Gidan ma'aikaci mai ɗaki biyu, da faranti huɗu na hasken rana a kan rufin sito, da jarin asusun magani da aka damƙa wa kwamiti mai duba littafi duk wata uku, ba su fi ƙarfin 'yan asalin gari da ke zaune a birni ba, kuma su ne abubuwan da matashin da aka turo yakan fara tambaya kafin ya yanke shawarar zama ko komawa.