Tarihin Shigar Masana Halayyar Ɗan Adam Cikin Shari'ar Riƙon Yara

Wannan fanni shi ne aikin da masanin halayyar ɗan Adam ke yi wa kotun iyali idan aure ya mutu, iyaye suka kasa daidaitawa kan wanda zai riƙe yara. Masanin kan zauna da uwa da uba daban-daban, ya ga yadda kowannensu ke mu'amala da yaron, ya yi musu gwaje-gwaje, ya tuntuɓi makaranta da asibiti, sannan ya rubuta wa alƙali rahoto. A Amurka da Birtaniya aikin ya girma, can ne kuma tarihinsa yake.

Marubuta sun saɓa kan mafarinsa. Wasu na kai shi 1908, shekarar da Hugo Münsterberg na Jami'ar Harvard ya fitar da littafinsa kan shaida a kotu, amma abin da ya dame shi shi ne mantuwar shaidu da iƙirarin ƙarya, bai taɓo rigimar iyaye ba. Wasu na kawo shari'ar Jenkins ta 1962, wadda ta yarda masanin halayya ya ba da shaida kan taɓin hankali ko da ba likita ba ne. Ita ma shari'ar laifi ce. Abin da ya fi ƙarfi shi ne a ɗora mafarin tsakanin 1966 da 1973.

Kafin nan alƙali bai cika neman masani ba, domin doka ta riga ta ba shi amsa. A tsohuwar dokar Ingila ɗa na uba ne, har sai da fafutukar Caroline Norton ta haifar da dokar 1839 da ta ba uwa damar neman riƙon yaron da bai kai shekara 7 ba. Daga nan kotuna suka karkata ga bar wa uwa ƙananan yara.

A 1966 Kotun Ƙolin jihar Ayowa ta yanke hukunci a shari'ar Painter da Bannister. Wani mutum ne matarsa ta rasu a haɗarin mota, ya kai ɗansa wurin surukansa da ke zaune a gona don su riƙe masa na ɗan lokaci. Da ya sake aure ya zo ɗaukar yaron, suka hana. Kotun farko ta ba uba gaskiya. Kotun Ƙoli ta soke, ta bar yaron mai shekara 7 a gona, ta kuma jingina da shaidar Dokta Glenn Hawks na Jami'ar Jihar Ayowa, wanda ya shafe kusan awa 25 yana nazarin yaron da kakanninsa, ya ce a zuciyar yaron kakan ne ya zama uba, raba su zai yi masa illa. Sai dai alƙalan sun tsaya suna auna rayuwar uban: ba ya zuwa coci, ba shi da tsayayyen samu, gidansa a Kalifoniya ba irin nasu ba ne. Masu suka sun ce shaidar masanin ta zama mayafin da aka lulluɓe son zuciyar alƙalai da shi. A 1968 yaron ya koma hannun ubansa da amincewar wata kotu a Kalifoniya.

A 1970 dokar saki ba tare da ɗora laifi ba ta fara aiki a Kalifoniya, sauran jihohi suka biyo baya, kuma fifikon da ake ba uwa ya yi ta zubewa. Abin da ya rage wa alƙali shi ne ya duba maslahar yaro, maganar da kowa ya yarda da ita amma ba ta faɗa wa kowa inda yaro zai kwana. Wannan giɓin masana suka cike. A 1973 Joseph Goldstein, malamin shari'a a Yale, da Anna Freud, da likitan yara Albert Solnit suka fitar da littafin da ya fi kowanne tasiri a fannin. Sun ce uwa ko uba na gaske a wurin yaro shi ne wanda ke ciyar da shi, ya lallashe shi kullum, ko da jini bai haɗa su ba. Sun kuma ce wata shida a wurin ɗan shekara biyu ba ɗaya ba ne da wata shida a wurin babba, don haka jan shari'a cutarwa ce. Sun ƙara da cewa wanda aka ba riƙo shi zai yanke ko ɗayan zai ziyarci yaron. Kotuna suka karɓi biyun farko, suka yi watsi da na ukun, kuma sun yi daidai.

Daga nan bincike ya yawaita. Judith Wallerstein ta bi iyalai 60 a Kalifoniya tun 1971, ta ce raunin saki kan bi yara har girma. Mavis Hetherington, da ta nazarci iyalai kusan 1,400, ta ce mafi yawan yaran kan murmure. Lauyoyin ɓangarorin biyu kowa ya sami abin riƙewa.

Babbar rigima ta taso a 1985, lokacin da likitan ƙwaƙwalwa Richard Gardner ya ce akwai wata cuta da ke kama yaron da ɗaya daga cikin iyayensa ya cusa masa ƙin ɗayan. Ba wanda ke musun cewa iyaye kan zuga yara. Matsalar ita ce an mai da zancen makami: uwa ta kawo ƙarar duka ko lalata da yaro, sai a ce zugi ne, wani lokaci har a ƙwace yaron daga hannunta. Kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka bugun 2013 bai karɓi cutar ba, kuma a 2023 Reem Alsalem, mai bincike ta musamman ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta nemi ƙasashe su hana amfani da ita a kotun iyali.

Ƙungiyar masana halayya ta Amurka ba ta fitar da ƙa'idojin wannan aiki ba sai 1994, bayan an shekara fiye da 20 ana yin sa. Gwajin da aka fi amfani da shi, MMPI, don gano larurar ƙwaƙwalwa aka tsara shi, ba ya auna iya reno. A 2005 Timothy Tippins da Jeffrey Wittmann suka yi kira da masana su tsaya ga bayyana halin da yaro da iyaye ke ciki, su daina faɗa wa alƙali wanda zai ba riƙo, domin iliminsu bai kai nan ba. Hujjarsu ta fi ta masu ja da su ƙarfi. A Ingila, nazarin Farfesa Jane Ireland na 2012 kan rahotanni 126 ya gano kusan kashi biyu cikin uku ba su da inganci, kuma dokar 2014 ta hana kiran ƙwararre sai in ya zama dole.

A Nijeriya, sashe na 71 na dokar shari'o'in aure ta 1970 ya sa maslahar yara gaba da komai, ya kuma ba kotu damar neman rahoton jami'in walwalar jama'a. Kotunan Musulunci na Arewa kuwa suna bin hukuncin hadana na mazhabar Malikiyya, wanda ya bar wa uwa ɗa namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, muddin mai riƙon na da hankali da amana.